Yadda Na Rataye Taurarona a Gaɓar Saki

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa babu turke, ya ɗaga sama babu ginshiƙi, ya watsa taurari babu wanda ya taya shi ƙirga. Shi ya ba tsuntsu murya, ya ba makaɗi yatsa, ya ba mai dogon labari masu saurare. Bayan haka, ni ne Korau ɗan Bagudu, mai garayar Tudun Gawasa a ƙasar Zambaru, kuma abin da zan faɗa da ƙafata na taka shi. Wanda ya yarda ya gyara zama, wanda bai yarda ba shi ma ya zauna, ba a korar kowa.

A garinmu akwai garaya guda da ake kira garayar gari. Tun kakan kakana take rataye a zaurenmu, wuyanta ya yi santsi saboda hannun mutanen gidanmu. Sharaɗinta ɗaya ne. Duk shekara ranar kalankuwa, in an gama girbi an cika rumbuna, mai riƙe da ita zai fito dandali ya kawo waƙar da kunne bai taɓa ji ba. In ya kasa, Sarkin Makaɗa ya ɗauke ta ya kai wani gida.

Ni kuwa kaina ya ƙafe ƙaf. Baki dai ina da shi, don in na fara zance har kaji sukan gaji su shige akurki, amma waƙa ta ƙi zuwa. Da kalankuwa ta matso sai na ɗauko wata tsohuwa da na zaci kowa ya manta, na sauya mata sunaye, na rera ta da ƙarfin hali. Ina gamawa Sarkin Makaɗa, Baba Nomau, ya yafito ni da sandarsa.

Ya ce, "Korau, wannan waƙa na san ta tun tana budurwa. Sabon zane kawai ka ɗaura mata."

Na ce, "Baba, ai kama ce."

Ya ce, "Kama ce har da giɓin haƙori? Bana na kau da kai albarkacin ubanka. Baɗi in ka zo mini da irin wannan, garaya gidan Anaruwa za ta kwana."

Anaruwa kuwa makaɗin unguwar gabas ne, wanda ya daɗe da kafa ƙusa a zaurensa yana jira. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ban ga yadda zan zama wanda garaya ta bar gidanmu a hannunsa ba. Ba abin da ban gwada ba. Na sha rubutu har haƙorana suka yi baƙi. Na zauna gindin tsamiya da rana tsaka ko wani aljani zai ji tausayina, ko na maganin ƙaiƙayi ban gani ba sai cinnaku. Daga ƙarshe na kama zakarana na tafi wurin Malam Cindo, mai duban taurari da ke bayan kasuwa.

Malam Cindo ya baza yashi a faifai, ya tambayi sunan uwata da ranar da aka haife ni, ya yi ta zane yana sharewa. Can sai ya ɗago ya dube ni yadda ake duban mai akuyar da ta yi ɓarna.

Ya ce, "Duk mai fasaha, masaƙi ne ko magini ko mawaƙi, ta kan tauraronsa ake zubo masa rabonsa. Na duba gurbin naka a burujin da aka haife ka, wayam. Bai mutu ba, yawo yake. Abin da ake zubo maka a daji yake zubewa."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ina zan same shi in ja masa kunne?"

Ya ce, "Kowa ya san inda taurari ke kwana. Kai inda suke wuni za ka nema."

Na tambaye shi ina ne wurin, ya ce iyakar abin da zakara ɗaya ke saye ke nan. Na ba maƙwabci amanar gonata, na bar garaya a ratayenta don ba a fita da ita gari, na ɗauki gora da sanda na kama hanya ruwan farko na sauka.

Na ƙetare dajin da itatuwansa ke juya wa baƙo baya, na bi ta ƙasar da koguna ke hawa tudu, har na iso Birnin Jira. Tun daga nesa na hangi wani mutum a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a sama, kaya a ka, gumi na zuba. Na yi masa sallama na wuce ta gefensa na shige. Nan take masu gadi suka yi caraf da ni.

Ashe mutanen birnin nan sun ƙware a ilimin taurari har ya hau kansu. Ba mai shiga ƙofa, ba mai ɗora tukunya, ba mai aske gemu sai masana sun duba sun ce sa'ar abin ta yi. Mutumin da na gani jiran sa'ar sauke ƙafa yake. Ni kuwa na shiga a sa'ar da ko jaki ba a yarda ya shiga ba, saboda haka aka yanke mini bulala. Sai dai sa'ar bulala ba ta yi ba tukuna, aka kai ni ɗakin tsaro in jira.

A ɗakin na tarar da wani dattijo fari fat da furfura, alƙalami a hannu, tawadarsa ta bushe ta tsattsage. Shi ne babban mawaƙin birnin. Ya ce tun yana saurayi masana suka gano cewa zai yi waƙar da za ta girgiza duniya in ya fara ta a daidai haɗuwar wasu taurari biyu. Ya shigo ɗakin tsaro da kansa don kada hayaniya ta sa sa'ar ta wuce shi.

Na ce, "Baba, kafin su haɗu ba ka ɗan taɓa wata ƙarama ba, ko don motsa hannu?"

Ya dube ni a tsorace ya ce, "In ɓata sa'a?"

Na ji tausayinsa har raina, don na ga kaina a jikinsa. Amma ilimi kam yana da shi. Da na tambaye shi inda taurari ke wuni, ya ce Gamzaki ne ke komawa gida bayan kowa, in na bi inda yake ɓacewa da asuba zan kai Fadamar Taurari. Abin da nake nema ke nan, saura fita.

Mai gadi ya zo zai ja ƙyaure ya kulle. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni baƙo ne ban san ƙa'ida ba, amma an duba sa'ar kulle ƙofa kuwa? Kada ka jawo wa kanka abin da na jawo wa kaina." Hannunsa ya tsaya cak a kan sakata. Ya aika a tambayo, ni kuwa na miƙe na kakkaɓe rigata na fita a hankali. Ya yi kururuwa, masu gadi suka taru da kulake, na waiwayo na ce, "Sa'ar bin ɓarawo fa?" Suka tsaya suna kallon juna. Na wuce ta gefen mai ƙafa a sama na yi masa sannu da aiki, ko sauri ban yi ba.

Na bi Gamzaki asuba bayan asuba har takalmana suka rabu da ni. Wata safiya na hau wani dutse, na leƙa bayansa, sai ga fadama shimfiɗe iyakar ganina, cike da taurari suna saukowa garke-garke. Wasu sun kai girman rumbu, wasu ba su fi ƙwan zabo ba. Ba su da ƙafa irin ta dabba, amma suna tafiya, suna tunkuyin juna, suna rububin ruwa a bakin tafki. Na ga Zara ta kwanta ita kaɗai a inuwa tana yanga, na ga Kaza tana tattara 'ya'yanta. Makiyaya masu dogayen sanduna suna ɗaure kowane tauraro a turkensa.

Shugabar makiyayan wata tsohuwa ce siririya mai suna Inna Hakama, fuskarta ta yi baƙi saboda zama kusa da haske. Na durƙusa na gaishe ta na faɗi sunana da na ubana. Tana jin sunan ta tafa hannu ta kira sauran.

Ta ce, "Ku zo ku ga mai shi. Ɗan nan, ka san wahalar da muke sha da naka? Ba ya zama a turke, ba ya tsayawa a gurbinsa in an hau sama. Jiya a bayan tauraruwa mai wutsiya aka kamo shi yana jan wutsiyarta."

Ni a raina ina tsammanin za a nuna mini wani ƙato mai ƙyalli. Sai aka jawo wani ɗan abu kamar ɗan akuya, haskensa irin na fitilar da mai ya kusa ƙarewa, gefe ɗaya ya fi ɗaya haske. Ya dube ni na dube shi. Ba wanda ya ji daɗin ganin wani a cikinmu.

Na ce, "Inna, ko dai an yi musanya?"

Ta ce, "Shi ma abin da yake tambaya ke nan."

Ta bayyana mini yadda ake yi. Mai nema zai yi alwala a idon ruwa, ya ɗauki azumi, ya zauna ya ba tauraronsa baya, yana tasbihi a zuci ba da baki ba. Ba magana, ba waiwaye. In kunne ya huta da muryar mai shi, sai ya fara jin amon tauraron, kuma kowa da yadda amon ke zamar masa. Na ga haka da idona. Wata masaƙiya da ke kusa da ni ta miƙe tana hawaye tana lissafa zare a iska da yatsunta. Wani magini ya faɗi ƙasa yana zana bakan gizo na soro da tsinke, yana dariya shi kaɗai.

Azumi bai dame ni ba, don tafiya ta riga ta koya mini. Shirun ne ya kusa kashe ni. Ranar farko ban kai hantsi ba na tambayi maginin nan labarin garinsu. Kashegari na ba wani ƙadangare shawara. Inna Hakama ta gaji, ta samo tsakuwa mai santsi ta ce in riƙe a baki, in ta faɗo a sake daga farko. Ta faɗo ba adadi. Har na gwada dabara, na matsa a hankali na jingina bayana kusa da wani babban tauraro mai sheƙi, ko zan tsinci abin da ya zubo. Abin da na ji kawai yadda ake gyara miyar kuka ta yi ɗanɗano, ashe na wata mai tuwon sayarwa ne. Inna ta dawo da ni da sanda.

Sannu a hankali dai bakina ya gaji ya sallama. Hayaniyar cikin kaina ta kwanta, na fara jin numfashina, na fara jin tasbihin yana tafiya da kansa. Wata la'asar sai na ji wani ɗan amo a bayana, siriri, mai tsalle-tsalle kamar kukan gyare. Murna ta kama ni. Na kasa kunne in ji ci gabansa, sai ya ɗauke, ashe ɗan banzan ya tsinke igiya ya tafi tsokanar 'ya'yan Kaza.

Haka muka yi ta yi. Yau ya ba ni ɗan guntu, gobe ya hana, kuma duk guntayen na wasa ne, ba wanda za a fita da shi dandali a gaban dattawa. Rannan Inna Hakama ta zo ta tsaya kaina ta ce, "Kaza ta fara fita da wuri. A ƙasarku an kusa gama girbi." Na tofar da tsakuwa na ce mata ba ni da lokacin wannan wasa, in akwai gajeriyar hanya ta nuna mini.

Ta ce in biyo ta. Ta kai ni ƙarshen fadama inda wasu turaku ke jere babu komai a jikinsu sai igiyoyi a yashe. Gaba da su ƙasa ta yanke, rami ne wanda ba a ganin ƙarshensa.

Ta ce, "Nan ce Gaɓar Saki. Tauraro yana ba da abin da ke cikinsa kaɗan-kaɗan har iyakar ran mai shi. Amma in aka tura shi nan aka saki igiya, tsoro kan sa ya amayar da komai gaba ɗaya kafin ya mutu. Su ne kuke gani suna faɗowa da wuta. Mai shi zai sami abu guda wanda ba za a taɓa mantawa da shi ba. Daga shi kuma ba zai ƙara samun ko ɗigo ba."

Ta taɓa wani turke da ƙafa ta ce, "Wannan na Bagudu ne."

Na zauna a ƙasa. Ubana waƙa ɗaya gare shi, ta ruwan farko, wadda in ya rera ta manyan maza ke rufe fuska da hannun riga. Saboda ita gari ya ɗage masa sharaɗi, duk shekara ita ake roƙo ya maimaita. Na tashi ina ganinsa a zaure, garaya a cinya, yatsu a kan tsarkiya, ya wuni bai kaɗa ba. Ina yaro na ɗauka kwarjini ne. Sai a ranar na gane jira yake, kuma ya san ba abin da zai zo. Na yi kuka sosai, ban ji kunyar tsohuwar ba.

Da kuka ya lafa, halina ya dawo. Na tambaye ta yadda ake yin sakin dalla-dalla, kamar mai son kada ya yi kuskure. Ta ce makiyaya duka sukan rako mai shi da yamma kafin a buɗe garke. Da yake ba kyau a kalli mutum yana kashe tauraronsa, kuma haramun ne a wurinsu wani ya ji rabon wani, sukan juya baya, su toshe kunne da auduga, su lulluɓe kai, har sai mai shi ya taɓa kafaɗar shugaba.

Na ce, "Duka? Ba mai leƙe?"

Ta ce, "Tun da aka kafa fadamar nan ba a taɓa yi ba."

Na ce to gobe zan saki nawa.

Da rana tsaka, lokacin da makiyaya ke ƙailula, na lallaɓa na kwance igiyoyin turakun nan, na fara da ta ubana. Na ƙulla su ɗaya bayan ɗaya, na naɗe a ƙuguna ƙarƙashin riga har na yi teɓa. Inna ta ce ba ta taɓa ganin wanda azumi ya karɓa kamar ni ba.

Da yamma aka raka mu Gaɓa, ni da ɗan taurarona da ke tsalle bai san abin da ake ciki ba. Makiyaya suka jeru suka juya baya, suka toshe kunne, suka lulluɓe. Na warware doguwar igiyar na ƙulla da tasa, na zagaya ɗaya bakin a jikin wani kututturen dutse na riƙe gam. Na ce masa, "Ka yi haƙuri, ni da kai duk ba mu da gaskiya." Na sa ƙafa na tura shi.

Ban san da wane baki zan faɗa muku abin da ya fito daga ramin nan ba. Ɗan abin da na raina ya kama da wuta fari fat, ya buɗe murya, waƙa ta taso da kiɗanta da kalmominta a shirye. Ta shiga ta kunnena ta sauka har tafin ƙafa. Na ji uwata a ciki, na ji ƙamshin ƙasa, na ji duk wanda na taɓa rasawa yana tsaye a bayana. Igiya na gudu a hannuna tana ƙona ni ban ma sani ba. Waƙar na hawa, tana dab da kaiwa inda za ta juyo, sai igiya ta ƙare ta yi tsam. Muryar ta yanke a tsakiyar kalma.

A nan ne wayona ya kusa cin amanata. Sauran rabin yana can ƙasa kaɗan, abin da ya raba ni da shi buɗe yatsu ne kawai. Wallahi na so in saki. Yatsuna biyu har sun buɗe da kansu. Sai na ji shi can ƙasa yana ɗan kukan gyaren nan nasa, a tsorace, yana lilo a bakin igiya. Na dafe dutse da ƙafa na fara ja. Na jawo shi fatar tafina na saɓulewa, har ya faɗo kan gaɓa yana hayaƙi yana makyarkyata. Ya juya mini baya, kuma ban ga laifinsa ba.

Na je na taɓa kafaɗar Inna Hakama. Ta yaye lulluɓi ta buɗe baki za ta yi mini ta'aziyya, sai ta ga mamacin zaune. Makiyaya suka yi cirko-cirko, sannan hayaniya ta kaure. Wani ya ce na ci amanar Gaɓa, wani ya ce Gaɓa ba ta komawa da yunwa, in tauraro bai tafi ba mai shi ya tafi. Wannan shawara ta karɓu da sauri fiye da yadda nake so.

Inna ta ɗaga sanda ta ce, "Ɗan nan, a cikin duk waɗanda suka zo nan ba a taɓa yin marar kunya irinka ba." Tana faɗa tana cije leɓe, kuma na lura ba ta matsa ta tare mini hanya ba. Ta dubi yamma ta ƙara da cewa, "Ga shi kun tsaya surutu magariba ta yi, ba wanda ya buɗe garke."

Taurari kuwa ba su san jira ba. Suka ɓalle shinge suka yo sama gaba ɗaya, makiyaya suka watse kowa na neman nasa garken. Nawa ya zabura zai bi su, na yi wuf na naɗe igiyarsa a damtse. Ƙafafuna suka bar ƙasa ina salati. Ya ja ni ta cikin gajimare, ya bi da ni ta kan ƙayoyin dajin nan da gangan, ya kaɗa ni hagu ya kaɗa ni dama. Da muka zo saitin Tudun Gawasa ya zaɓi kududdufin da ake kwaɓa ƙasar gini, ya girgije ni a ciki, ya yi sama ko waiwaye babu.

Na fito taɓo har gira, na tarar an gama girbi, ana share dandali. Anaruwa har ya sa an yi wa zaurensa sabon daɓe.

Ranar kalankuwa da la'asar gari ya taru. Na naɗe tafin hannuna da tsumma, na ɗauki garaya na fita. Ina kaɗa tsarkiya na ɗora rabin waƙar nan, dandali ya yi tsit. Masu tallar ƙosai suka sauke faranti. Na ga tsofaffi suna share ido, na ga Anaruwa da kansa ya sunkuyar da kai. Na yi ta hawa da su, ina hawa ina jin tsoro, don ni kaɗai na san inda igiya ta ƙare. Muka iso wurin, na tsaya a tsakiyar kalma.

Jama'a suka riƙe numfashi suna jira. Na dubi sama, rana ce tarwai, ba tauraro ko ɗaya. Da a da ne da na cika wurin da surutu, in ce makogwaro ne, in nemi ruwa. Amma bakina ya koyi zama, sai na rufe ido na yi shiru a gaban gari duka, ina tasbihi a zuci, gumi na bin bayana. Can ƙasan shirun na tarar da guntayen nan na wasa da na raina, masu tsallen gyare, suna nan inda na zubar da su.

Na ɗauki ɗaya na kaɗa. Na ɗora masa abin da nake da shi, wato mutum mai ƙafa a sama, da miyar kuka, da taɓon kududdufi, da yadda tsoro ke sa gwani rawar gwiwa. Kiɗan na ɗingishi, kalmomin ba su da nauyi. Wata mata ta fashe da dariya hawayen farko bai bushe mata ba, 'yan mata suka cafe amshi, kafin in ankara dandali ya ɗauka ana tafi. Na kai ta ƙarshe da ƙyar na ajiye garaya hannuna na jini.

Baba Nomau bai yi tafi ba. Ya yafito ni da sanda, na durƙusa gabansa, ya kama hannuwana ya juya su ya daɗe yana duban tafin. Ya sunkuyo ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

Ya ce, "Ka saki?"

Na ce, "Ban saki ba, Baba. Yana can yana fushi da ni."

Ya sauke wani dogon numfashi, na ga idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya miƙe ya fuskanci jama'a ya ce, "Rabin farko ba zan sa shi a lissafi ba, don abin da ba shi da ƙarshe ba waƙa ba ne. Rabin na biyu gurgu ne, amma sabo ne, kuma na Korau ne. Garaya ta koma inda ta fito. Baɗi ya kawo mana wata, kuma a wannan karon muna son ta da kai da ƙafa."

Na rungume garayar nan kamar za a ƙwace, ina murna ina jin tsoro lokaci guda. Ban taɓa zaton za a ce mini in kawo wata in ji daɗi haka ba.

Iyakar abin da ya faru ke nan, abin da na ƙara Allah ya yafe, abin da na rage ku yafe. Yanzu da nake muku wannan zance gero ya fara fid da kai, kuma ɗan banzan nan tun ranar Gaɓa bai ce mini uffan ba. Ku tashi ku ba ni wuri, zan yi alwala in ba shi baya ko zai huce.